Gyaran da ake ɗorawa a kan tiya

Duk wanda ya taɓa bin uwarsa cefane Kasuwar Dole ta Zinder ranar Alhamis ya san wannan ɗan lokaci. An gama ciniki, an auna, tiya ta cika har ta yi tozo, an juye a buhu, sannan mai awo ta sake nutsa hannu cikin tarin, ta ɗebo cikin tafi ɗaya ta watsa a kai. Gyara ke nan. Ba ya cikin kuɗin da aka biya, kuma ba wanda zai kai ta ƙara in ta hana. Wata gwaggona ta yi shekara da shekaru tana awon gero da wake, ban taɓa ganin ta sallami mai saye babu gyara ba, ko da a tsakiyar damina ne, lokacin da hatsi ya yi tsada kowa yana ƙirga ƙwaya. Ina yaro na taɓa ce mata, "Gwaggo, wannan da kike ƙarawa ba asara ba ce?" Ta ce, "Ɗana, tiyar ai da kuɗinsa ya saya. Wannan tafin shi ne zai dawo mini da shi Alhamis mai zuwa."

Na daɗe ina juya maganar nan. Tiyar gero kilo biyu da rabi ce ko kusa da haka, cikin tafi kuwa bai kai a sa shi a ma'auni ba. Amma a layin masu awo kowa geronsa ɗaya ne da na maƙwabcinsa, farashi ɗaya, tiya ɗaya. Mai saye ba ya raba kuɗinsa tsakanin mata goma gwargwadon kirkin kowace. Wuri ɗaya yake tsayawa ya zube duka. Ashe idan komai ya zo daidai, ɗan abin da ya ɗara shi ke kwashe cinikin baki ɗaya. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a gane game da ƙaramin ƙari: sakamakonsa ba ya bin girmansa, wurin da aka ajiye shi yake bi.

Ina jaddada haka ne saboda wani lissafi da ke yawo a wayoyin matasanmu, wai idan mutum ya ƙara kashi 1 cikin 100 a kan ƙoƙarinsa kowace rana, kafin shekara ta zagayo ya ninka kansa sau 37 da ɗoriya. A kan takarda lissafin daidai yake. Amma yana ɗauka cewa ƙarin jiya yana nan bai zube ba, kuma shi da kansa zai haifi na yau. Ƙarfin ɗan Adam ba haka yake ba. Yini ba ya ƙaruwa, ƙugu yana gajiya, kuma manomin da ya yi noma na fari ya yi maimai, in ya koma ya yi na huɗu da na biyar, ba abin da zai ƙaru a rumbunsa sai ciwon baya. Abin da ke damuna da wannan lissafi shi ne saurayin da ya gaskata shi, ya yi ta ƙoƙari wata shida bai ga ninki ba, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi malalaci ne. Alhali ba ƙoƙari ya rasa ba, ba a nuna masa inda ake zuba shi ba ne.

Wuri mafi bayyana shi ne ƙarshen aiki. Mutanen Damagaram, wato Zinder, sun san wahalar ruwa fiye da kowa, garinmu a kan dutse yake zaune, kuma mun san rijiyar da aka haƙa gaba goma sha biyar aka tsaya saura kamu biyu a cimma ruwa ba rijiya ba ce, rami ne da ake tsoron kada akuya ta faɗa. Kamu biyun ƙarshe ba su fi sauran wuya ba, amma su ke ba duk wahalar baya ma'ana. Ayyuka da yawa haka suke, sai dai ramin nasu ba a ganinsa da ido.

Ga misalin da ya fi taɓa mini rai. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran Sahel ƴan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a cikin damina, kuma a Nijar an soma a 2013, Magariya na cikin wuraren farko. Sau ɗaya a wata ake yi, wata huɗu a jere. Ma'aikatan lafiya su bi gida gida, su ba yaro ƙwayoyin ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. An sayo maganin daga nesa, an biya mota da mai, an horar da mutane, sun taka rana sun iso ƙofar gida. Duk wannan an riga an kashe shi. Abin da ya rage ƙwaya biyu ne cikin kwana biyu, a hannun uwa. Maganin ba daɗi gare shi ba, yaro yana kuka, wani yana amai, kuma lafiyarsa lau a ranar, don haka zuciya takan ce a ajiye sauran sai ran da jikinsa ya yi zafi. Amma rigakafin ba ya cika sai an sha na kwana ukun, domin a lokacin ne maganin ke taruwa a jini yadda zai tsare yaro har zagayowar wata. A gwaje-gwajen da aka yi kafin a amince da tsarin, ya rage kamuwa da zazzaɓin da wajen kashi uku cikin huɗu. Wannan kariya a kan minti biyar na rarrashi sau biyu take rataye. Wanda ya taɓa shiga ɗakin yara na asibiti a watan Satumba, ya ga uwaye biyu uku a gado ɗaya, ba zai raina minti biyar ɗin nan ba.

Haka buhun wake mai riɓi uku, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da masu binciken noma na yankinmu, har da na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maraɗi, aka soma yaɗa shi daga 2007. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, babu magani ko kaɗan. Ƙwarin da ke cikin waken su ke shanye iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Sirrin duka a ɗauri yake: a duba kowace leda ko ta huje, a matse iska, a murɗa bakin ta ciki a lanƙwasa a ɗaure ita kaɗai, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun. Mai gaggawa yakan haɗa bakin ukun ya ɗaure da igiya ɗaya. Ya yi noman damina guda, ya yi roro, ya sussuka, ya sayi buhu mai tsada, ya bar iska tana shiga ta wuyan buhu. Bayan wata huɗu ya buɗe ya tarar da gari, ya ce buhun ƙarya ne. Ɗalibin da ya tashi da 9,5 a jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare da wanda ya tashi da 10 bisa 20, makin cin jarrabawar, rabin maki ne tsakaninsu, amma yana iya zama shekara guda ta rayuwa.

To, wannan ƙarin cikawa ne, kuma ladansa nan take ake gani. Akwai wani iri da ya fi shi zurfi, wanda ƙasar Damagaram ta zama makarantarsa ga duniya, ko da yake mu da muke ciki ba kasafai muke ɗaga kai mu duba ba.

Wanda ya bi hanyar Zinder zuwa Magariya, ko ya ratsa Matamaye da Mirya da rani, zai ga gonaki cike da gawo, kore shar a lokacin da komai ya bushe. Tsofaffi za su gaya maka cewa bayan farin shekarun 1973 da 1974, sannan na 1984, wurare da yawa a nan fili ne fetal, mutum yana hango ƙauye daga wani ƙauyen. An kashe kuɗi masu yawa a lokacin wajen renon ƴan itatuwa a leda da dasa su, akasarinsu rana da awaki da gara suka gama da su. Abin da ya mayar da itatuwan ba dashe ba ne. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa manoman Nijar sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta kimanin miliyan 5, kuma kusan hekta miliyan 1 daga ciki a yankunan nan uku suke, Magariya da Matamaye da Mirya. Sunan da aka fi ji a waje shi ne na Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki a Maraɗi, wanda a 1983 ya lura cewa ƴan kurmin da ake sarewa kowace shekara a gonaki ba ciyayi ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwoyinsu a ƙasa. An ba shi babbar lambar yabo a Suwidin a 2018, shekara ɗaya da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso. Ya cancanta. Amma a gefenmu na Zinder yawancin aikin manoma ne suka yi da kansu, maƙwabci yana ganin gonar maƙwabci.

Mene ne aikin? Kowace bazara manomi yana shiga gona da gatari ya yi sassabe, ya share sabara da kalgo da duk abin da ya tsiro, ya tara ya ƙona. Dama yana wurin, dama gatarin yana hannunsa. Sassaben zamani, kamar yadda aka sa masa suna, bai ƙara masa komai ba sai tsayawa: a kan kowane kututture ya duba rassan da suka toho, ya zaɓi biyu ko uku ko biyar mafi miƙewa, ya sare sauran, ya sassabe ƙananan rassan gefe. Saiwar da ta yi shekaru tana nutsawa, wadda a da take raba ƙarfinta ga tsiro ashirin da za a sare, yanzu ta tura shi cikin ƴan ƙalilan. Shi ya sa irin wannan itace yake tashi da saurin da ɗan dashe ba zai taɓa yi ba. Gawo kuwa galibi ta cikin kashin dabbobi yake zuwa. Saniya ko akuya ta ci ƴaƴansa, ƙwayar ta ratsa cikinta ɓawon ya yi laushi, ta faɗi a gona, ruwa ya sauka ta tsiro tsakanin gero, siririya kamar tsinke. A nan ƙarin ƙoƙarin bai wuce karkatar da hauya ba. Mai noma ya gane ganyen, ya kauce masa da faɗin tafin hannu, ya wuce.

Bayan shekaru, wannan kaucewar ta zama itacen da ke yin abin da babu wani itace a ƙasarmu da ke yi. Gawo da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya hana gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne a daidai lokacin da shuka take bukata. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun taki. Da rani ya yi ganye ya yi ƴaƴa, dabbobi su taru a inuwarsa su ci su bar kashi. Kowa ya san geron gindin gawo ya fi tsayi, zangarniyarsa ta fi kauri. Kuma akwai iskar farkon damina, wadda ke kwaso rairayi ta yanke ɗan tsiro ko ta binne shi, har mutum ya yi shuka sau biyu sau uku a shekara ɗaya. Inda itatuwa suka yi yawa ƙarfinta yakan karye. Mata kuma su samu itacen girki daga sassaben rassa, maimakon tafiyar rabin yini. Ba banza ba tarihin baka yake cewa a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya ɗaukaka Damagaram a ƙarni na 19, hukunci mai tsanani ne a kan wanda ya sare gawo.

A nan ne lissafin ninkawa yake zama gaskiya, amma a lura da inda ninkin yake. Ba manomin ba ne yake ninkuwa kowace rana. Itacen ne. Shi ke girma da dare manomi yana barci, da rani manomi yana cirani, shi ke jawo dabbar da za ta kawo irin wani gawon. Ƙaramin ƙoƙari yana haihuwa ne idan an zuba shi cikin abin da ke ci gaba da aiki bayan ka juya baya: itace, ko ƙasa, ko yardar mai saye, ko karatun da ya zauna a kai. Malaman allo sun san wannan tun kafin mu. Alƙur'ani izifi 60 ne, kowane izifi sumuni 8, jimla 480. Almajirin da ya riƙe sumuni ɗaya a rana, yana tilawar na baya, lissafinsa bai kai shekara ɗaya da rabi ba. Kuma kowane sumuni da ya zauna yana sauƙaƙa na gaba, don harshe da kunne sun saba. Wanda ya ɗauki izifi guda a dare ɗaya don zumuɗi, bayan mako biyu babu shi babu allon. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ƙanƙantar ƙarin ba aibi ba ce, ita ce ke sa a iya maimaita shi gobe.

Sai maganar lokaci. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana manne wa saiwar gero tun yana ƙarƙashin ƙasa, kafin ya leƙo da furensa mai kyan gani ya riga ya sha abin da zai sha. Shi ya sa mutane da yawa ba sa damuwa da cire shi: ɓarnar bana ta riga ta auku, ga aiki ya yi yawa. Amma tushe ɗaya yana zubar da ƙwayoyin iri dubbai barkatai, ƙanana kamar ƙura, masu iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran saiwar gero. Yini biyu na tuge shi a ƙona kafin ya yi iri ba zai ƙara dami ko ɗaya a bana ba. Gonar shekaru goma masu zuwa ake nomewa a yinin nan biyu. In aka makara da mako biyu, aikin ɗaya ne, gumin ɗaya ne, amfanin babu.

Takin zamani ma haka. Ƙasarmu ta jigawa ta fi ƙarancin sinadarin fosfor, kuma shuka ta fi bukatarsa a kwanakinta na farko, lokacin da take kafa saiwa. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, sun nuna cewa maimakon a watsa buhuna a faɗin gona, abin da talaka ba zai iya ba, a sa giram 6 na takin NPK a kowane ramin shuka, cikin murfin kwalbar lemo ke nan, ko giram 2 na takin DAP, abin da yatsu uku za su tsinta. A gonar da ke da rami 10.000 a hekta, kilo 60 ke nan ko kilo 20. Gwaje-gwajen da aka yi a gonakin manoma a Nijar da Mali da Burkina Faso sun nuna ƙarin amfani daga kashi 44 zuwa 120 cikin 100. Takin bai canza ba. An dai kai shi bakin saiwa a ranar da take jin yunwa.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce to me ya hana kowa yi? Wannan tambayar ita ce ainihin wuyar al'amarin, kuma amsar da ake saurin bayarwa, wai mutanenmu ba sa son wahala, ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Abu na farko, wa zai ci ladan? Ku je majemar Zinder ku tambayi masu jima abin da ya fi ɓata musu fata. Ba bagaruwa ba ce, ba ruwa ba ne, wuƙar mai fiɗa ce. Fatar akuya in aka bi ta a hankali, aka tura da dunƙulen hannu inda ya kamata, aka shanya ta a inuwa a miƙe, takan fito lafiyayya, dukawa su yanka jaka ko takalmi inda suke so. In aka yi sauri da wuƙa, sai tsaga da huji, waɗanda wasunsu ba sa bayyana sai bayan an jeme. Bambancin minti goma ne. Amma mai fiɗa a kan kai ake biyansa, ba a kan kyan fata ba, kuma ranar Layya raguna goma ke jiransa. Minti goman nasa ne, ribar ta wani ce. Ba lalaci ba ne, lissafi ne, kuma daidai ya lissafa. Ran da mai sayen fata ya fara bambanta kuɗin mai huji da marar huji a gaban mai fiɗa, ran nan hannu zai canza.

Labarin gawo ma da wannan ya faro. Tun dokar daji ta Turawan mulkin mallaka ta 1935, da wadda ta biyo bayan samun ƴancin kai, itatuwa masu daraja a hannun hukuma suke ko da a tsakiyar gonarka suka tsiro. Manomi zai iya shan tara don ya sare reshen itacen da shi ya raya. To don me zai raya? Gara ya kashe shi tun yana tsinke, kafin ma'aikacin gandun daji ya gan shi. Da riƙon ya sassauta daga shekarun 1980, mutane suka soma jin cewa itacen gonarsu nasu ne, sai hauya ta fara kaucewa. Dokar daji ta 2004 ta ƙara buɗe hanya, a 2020 kuma aka fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan itatuwan da ya raya. Har yau kuma ku duba gonar aro ko ta jingina: da wuya ku ga ɗan gawo a ciki, domin wanda bai san ko shi zai noma ta baɗi ba ba zai yi reno don wani ba, mai gonar ma wani lokaci ba ya so, kada itacen ya zama hujjar mallaka.

Abu na biyu, ƙari sai da rara. Murfin kwalbar taki yana bukatar mutum na uku a bayan mai sara da mai zuba iri, a ranar da aka yi ruwan shuka, ranar da kowane hannu a ƙauye yake da aiki, ga samari da yawa ba su dawo daga Libiya ko Aljeriya ko Kano ba. Yana bukatar kuɗi a watan Mayu da Yuni, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kuma in ruwa ya ɗauke bayan shuka, takin da ya taɓa iri yana iya ƙona shi, don haka wanda ba shi da irin sake shuka yana da dalilin jin tsoro. Shi ya sa manoma da yawa suka sauya dabarar da kansu, suna cuɗa ɗan taki kaɗan da iri su shuka tare, amfanin bai kai na murfi ba amma ba ya cin hannu na uku. Mafi ciwo shi ne magidancin da hatsinsa ya ƙare a Yuli. Ya san sarai cewa makon nan ne ya kamata ya nome gonarsa. Amma yara za su ci da dare, sai ya ɗauki hauya ya tafi ƙwadago gonar mai hali, ya dawo da tiya ɗaya ko biyu. Tasa gonar ta jira kwana goma, ciyawa ta sha kanta, kaka ta zo da ƙarancin da zai sake tura shi ƙwadago baɗi. Wannan mutum ya fi kowa aiki a ƙauyen. Abin da ya rasa kwana uku ne na kansa.

Haka matar da ta tashi tun kafin assalatu ta jera jarkoki a bakin famfo a Garin Malam ko Kara-Kara a watan Afrilu, ta dawo ta yi daka, ta yi girki, ta yi ƴar sana'arta. In ƙwayar rana ta uku ta shige mata, ba wa'azin ƙoƙari take bukata ba. Tana bukatar maƙwabciya ko mijinta ya tuna, ko ma'aikaciyar lafiya ta sake leƙowa. Ina ganin duk mai son ya ga ƙananan ƙarin nan sun yawaita a cikin jama'a, aikinsa na farko shi ne ya samar wa mutane ɗan sararin yin su. Kakanninmu sun yi haka da gayya: a taru a nome gonar wanda ya makara a yini ɗaya, a kan lokaci. Tsarin ajiye hatsi a matsayin jingina, wanda aka soma a Nijar a ƙarshen shekarun 1990, irin wannan tunanin ne: ƙungiyar manoma ta kulle amfaninta a sito da kaka lokacin da farashi ya faɗi, ta karɓi bashi a kansa ta yi sana'ar rani, ta buɗe sito lokacin da hatsi ya yi daraja kuma ake neman kuɗin taki. Ba ya ƙara wa kowa ƙarfin dantse. Yana dai sa kuɗin murfin kwalba ya kasance a aljihu ranar da aka yi ruwa.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa: wani lokaci a yi duka daidai, a ɗaure leda, a sa taki, a raya gawo, ruwa ya ƙi, ko fara ta sauka kamar yadda ta yi a 2004 har yunwar 2005 ta biyo baya. Ruwan da Zinder ke samu a shekara wajen milimita 400 ne, kuma ba ya zuwa da alkawari. Ƙaramin ƙari ba ya sayen damina. Abin da yake yi a irin wannan shekara ya fi ƙanƙanta, amma ba abin rainawa ba ne: gidan da ke da itatuwa yana da itacen da zai kai kasuwa, da ƴaƴan gawo da zai riƙe akuya, da ganyen kuka da zai sayar, kafin ya kai ga sayar da gonar kanta.

Bazarar da ta wuce na je gaida wani kawuna a wani ƙauye gabas da Mirya. Ya tsufa, noma ya koma hannun jikoki, amma na tarar ba ya gida, aka ce yana gona. Na same shi da sanda yana tafiya a hankali, kansa a sunkuye, aljihunsa cike da tsummoki. Duk inda ya ga ɗan gawon da ya tsira daga bara, sai ya durƙusa ya kafa ƙirare a gefensa ya ɗaura tsumma. Na ce, "Kawu, wannan rana haka, ba ka bar wa yara ba?" Ya ce, "Yaran suna da ƙarfi, ido ne ba su yi ba tukuna. In sun shiga noma ba sa ganin komai sai ƙarshen kunya. Tsumman nan shi zai tsayar da hauya." Ya ce ya ɗaura goma sha ɗaya tun safe, awaki za su ci wasu, iska za ta kwashe wasu tsummokin, in huɗu suka kai baɗi ya gode Allah. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce in zan sake zuwa kafin ruwa ya sauka, in bi wurin teloli a Zango in roƙo masa ƙyallaye, ja in da hali, don shi ake hangowa daga nesa.